Shuɗiyar Kular da ke Kan Kabad

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar Talatar da aka shigo mini da Nazifi karo na uku, mutum biyu sun tallabo shi, rigarsa ta jiƙe sharkaf da gumi. Tun da kuka fara aiki a ɗakin nan kuke tambayata me tsohuwar kular abincin can take yi a kan kabad, har wata a cikinku, ba zan kama suna ba, ta taɓa sauko da ita za ta miƙa wa mai shara. To, tunda saura mini 'yan watanni in ajiye aiki, ku jawo kujeru in gaya muku.

A lokacin ni babbar nas ce, ban kai ga zama metiron, wato shugabar nas-nas, ba. Asibitin jami'ar nan bai wuce ɗaki uku da gado huɗu ba. Likitanmu ɗaya, Dokta Shehu, mutumin kirki ne, sai dai ba ya son duk abin da zai kai sunan asibiti gaban manya. Yawancin zango muna shan iska, amma da jarrabawa ta zo layi har bakin baranda. Mai ciwon kai, mai jiri, mai murɗawar ciki, mai cewa zuciyarsa za ta faso ƙirji. A tsakaninmu ciwon jarrabawa muke ce masa. Kuma muna da yadda muke yi da shi, wanda muka tarar na gabanmu suna yi: ka taɓa goshi, ka rubuta maleriya a kati, ka ba da magani, na gaba ya shigo. Gwajin jini kuwa, wa ke da lokacinsa? Ni da hannuna na yi wa Nazifi haka sau biyu, ɗaya a zangon farko, ɗaya a makon da ya gabaci wannan Talatar.

Bari in yi wa sababbin cikinku bayanin ƙa'idar. Idan ɗalibi ya fita daga ɗakin jarrabawa saboda rashin lafiya, malamin da ke tsaron ɗakin zai cike takarda, mu kuma mu rubuta rahoton abin da muka gani. Takardun biyu su tafi wurin jami'in jarrabawa na sashen, shi kuma ya gabatar da su ga kwamitin tsangaya. In kwamiti ya gamsu, a ba ɗalibi damar sake rubutawa. In bai gamsu ba, a ɗauka ya faɗi. A wurin Nazifi faɗuwa ba ƙaramar magana ba ce, domin yana cikin shekarar gargaɗi. Wato makinsa ya yi ƙasa, an ba shi shekara guda ya ɗago, in bai ɗago ba a sallame shi daga jami'a. Yana aji uku a sashen kimiyyar sinadarai, kuma wannan zangon shi ne damarsa ta ƙarshe.

Na kwantar da shi a gado. Hannunsa na karkarwa, zuciyarsa na gudu, goshinsa kuwa sanyi ƙalau. Ba zan ɓoye muku ba, haushinsa nake ji.

Na ce, "Kai ne kuma? Wai sauron Kaduna kaf kai kaɗai ya sani?"

Ya ce, "Mama, wallahi na yi karatu. Ina cikin rubutu sai layin takardar ya fara yawo."

Na riga na zare biro zan rubuta abin da na saba. Sai na ce ya ba ni katin shaidarsa, ya nuna mini jakarsa da ido don ba zai iya tashi ba. Ina zuge zif ɗin na yi turus. Gwangwani biyu na lemon nan da suke sha wai yana hana barci, duk an shanye. Ledojin biskit sun fi a ƙirga. Guntun fanke a cikin takarda har ya maiƙe masa littafi. Robar lemo mai zaƙi, saura kaɗan a ciki. Na ajiye biron.

Na ce, "Me ka ci yau?"

Ya nuna gwangwanayen.

"Jiya fa?"

Biskit da lemo da rana, da yamma taliyar leda da ƙwai a wurin mai shayi.

"Shekaranjiya?"

Ya ce haka dai.

Na ce, "Yaushe rabonka da abin da aka ɗora a tukunya a gidanku?"

Ya fara ƙirga kwanaki da yatsu. Wannan ƙirgan ma ya ishe ni amsa. Na ce gidan nasu a wace ƙasa yake? Ya ce Abakpa. Abakpa fa, da keke-napep ɗaya zai kai shi ƙofar gida.

A ranar na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Na ɗebi jininsa na kai gwaji da ƙafata. Babu maleriya ko alamarta. Sukarin jininsa ne ya yi ƙasa, ga kuma ƙarancin jini. Dokta Shehu ya duba takardar ya ce ai lissafin a fili yake: yaro ya kwankwaɗi lemon nan a kan cikin da babu komai kafin ya shiga, sukari ya hau sama ya ji garau, bayan awa ɗaya ko biyu ya rikito ƙasa, abin da ke hana barcin kuma ya bar shi da bugun zuciya da rawar hannu. Bayan mun ba shi abin da ya farfaɗo da shi, na buɗe shinkafa da waken da na zo da su na tura masa gabansa. Bai bar ko ƙwaya ba. Rabin awa sai ga shi zaune yana tambaya ko zai iya komawa ya ƙarasa. An riga an karɓe takardu.

Washegari jami'in jarrabawa na sashensu, Malam Danjuma, ya shigo mini da rahotanni uku a hannu. Mutum ne mai bin ƙa'ida tiryan-tiryan, ba ya cuta kuma ba ya ɗaga ƙafa. Ya jera su a kan teburina.

Ya ce, "Hajiya, biyun nan kin ce maleriya. Makon jiya da kika ce maleriya ta kayar da shi da safe, da yamma na gan shi a bakin shago yana dariya. Wace irin maleriya ce ke warkewa cikin wuni ɗaya? Yanzu kuma kin ce ba ita ba ce. Ni abin da zan gaya wa kwamiti shi ne yaron yana duba tambayoyi, in ya ga ba zai iya ba sai ya kwanta."

Sai da ya fita na zauna. Kunya ta rufe ni. Yaron nan bai taɓa yi mini ƙarya ba, bai taɓa cewa maleriya yake yi ba, ni na rubuta. Birona ne ya mayar da shi maƙaryaci, kuma da wannan rubutun nawa za a kore shi.

Na sami Dokta Shehu na ce zan je gaban kwamiti in faɗi cewa rahotanni biyun farko ba a yi gwaji ba. Ya cire tabarau ya dube ni.

Ya ce, "Sista, in kika faɗi haka asibitin kika kai ƙara. Ki tsaya a kan na ukun kawai, ki bar tsofaffin."

Na ce, "Likita, tsofaffin ne za su kore shi. Kuma ba hannunka ba ne a kai, nawa ne."

Ya daɗe yana murza goshi. Can ya jawo takardar gwajin ya sa hannu ya buga hatimi, ya ce in je, amma in sani takardar jan kunne tana jirana. Na ce na ji, ko biyu ce zan karɓa.

Saura kwana takwas kwamiti ya zauna. Abin da ke damuna shi ne ko an yafe masa, in ya koma kan gwangwanin nan zai sake faɗuwa. Na kira Nazifi na ce ranar Asabar zan zo gidansu. Ya fara roƙona, wai babansa bai san yana gargaɗi ba. Na ce ni ba zan faɗa masa ba, kai za ka faɗa da bakinka, ni dai ina zaune a wurin.

Daga gidana a Unguwar Sarki na hau napep da hantsi. Babansa, Malam Isiyaku, tela ne, shagonsa a jikin zauren gidan. Aka shimfiɗa mini tabarma a tsakar gida. Nazifi ya durƙusa ya faɗa da ƙyar. Malam Isiyaku ya ajiye almakashin da ya shigo da shi a hannu.

Can ya ce, "Hajiya, shi ne na farko a gidan nan da ya taka jami'a. Ni in na gan shi da lemon gwangwanin nan har daɗi nake ji, na ɗauka abincin 'yan jami'a ke nan."

Ita kuwa Maman Nazifi sai ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da kular can, shuɗiya fes, ko takardar kamfani ba a ɓare daga jikinta ba. Ta ce ranar da ya sami gurbin karatu ta saya masa. Ranar farko ta zuba masa dambu ya tafi da shi. Abokai suka yi ta masa tsiya, wai ɗan firamare, wai mama ta haɗo masa da ruwan gora. Ya dawo da dambun ko taɓawa bai yi ba, daga ranar bai ƙara kallon kular ba. Shekara uku tana tashi da asuba ta ɗora tukunya, shi kuma ya ce ya makara ya fice, ya dawo bayan magariba ya ce ya ƙoshi.

Na juya na ce masa, "To ɗan jami'a, yanzu da kunyar riƙe kula da kunyar a ɗauko ka ranga-ranga a gaban 'yan ajinku, wacce ta fi?"

Ya sunkuyar da kai. Babarsa ta yi dariya tana share ido da bakin mayafi.

Ranar Litinin na je sashensu na kwafi jadawalin aji uku daga jikin allon sanarwa. A nan na gane ba kunya ce kaɗai ba. Lakca daga ƙarfe takwas har huɗu, da awannin ɗakin gwaje-gwaje a tsakani, babu hutu sai ɗan abin da za a yi azahar. Masu tuwo da shinkafa suna can bakin ƙofar shiga, tafiya ce mai ɗan nisa, ga layi. Shagunan da ke jikin azuzuwa kuwa na leƙa su ɗaya bayan ɗaya, babu komai sai lemo da biskit da cincin da mit-fai.

Ranar Alhamis kwamiti ya zauna. Tun safe suke ciki, ba a kira mu ba sai wajen ƙarfe biyu. Shugaban tsangaya, Farfesa Garba, shi ke jagoranta. Ina shiga idona ya sauka a kan teburin: gaban kowane malami da robar lemo da mit-fai a leda. Na haɗiye dariyata.

Malam Danjuma ya karanta nasa bayanin daidai yadda ya gaya mini, bai ƙara ba bai rage ba. Aka ce in yi magana. Na miƙe.

Na ce, "Ranka ya daɗe, rahotanni biyun farko ni na rubuta, kuma ban yi gwaji ba. Goshi na taɓa na rubuta maleriya. Yaron nan bai taɓa yin maleriya a hannuna ba. In akwai wanda ya faɗi abin da ba haka ba a takardun nan, ni ce."

Na ajiye takardar gwajin, na ajiye jadawalin, sannan na kwance ledar da na zo da ita na zazzage abin da na samu a jakarsa a kan teburin. Gwangwani ɗaya ya gangara har gaban Farfesa.

Farfesa ya tare shi da hannu ya ce, "Sista, ai duk ɗalibai abin da suke ci ke nan. Me ya sa shi kaɗai ke faɗuwa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, jiki ya bambanta, shi nasa ya zo da ƙarancin jini kuma ya fi su zurfafawa. Amma ba shi kaɗai ba ne. Sauran a kan benci suke faɗuwa, suna gyangyaɗi, in jarrabawa ta zo su cika mini baranda." Daga nan bakina ya riga ni. Na ce, "Kai ma, ranka ya daɗe, tun safe kake zaune a nan. Me ka ci?"

Ya dubi robar lemon da ke gabansa, ya dubi mit-fai. Wata malama ta fara dariya, sai ɗakin ya ɗauka, har shi.

Wanda bai yi dariya ba shi ne Malam Danjuma. Jadawalin ya ɗauka yana dubawa. Ya ce shi ke koyar da aji uku ƙarfe biyu na rana, kuma shekara da shekaru rabin ajin barci suke yi masa, ya ɗauka raini ne. Ya ce a cire maganar da ya yi ta cewa yaron ƙarya yake, ya janye ta. Ban taɓa ganin girman mutumin nan kamar ranar ba.

Kwamiti ya yanke cewa Nazifi zai sake rubuta takardu biyun da ya bari a wannan zangon bayan an dawo hutu, bisa sharaɗin asibiti ya tabbatar ya warke. Ni kuma takardar jan kunnen ta iso ni kafin sati ya zagayo. Tana nan a fayil ɗina har yau, kuma ban taɓa jin kunyarta ba.

Hutun mako shida ne, amma ɗakin karatu a buɗe yake. Na kafa masa doka: kowace safiya ya karya a gida, da rana ya zo ɗakin nan da kularsa. Ku ga yadda yake zuwa da ita. A naɗe a baƙar leda, a cusa can ƙasan jaka, sai ya ja labulen gado kafin ya buɗe, sai ka ce kayan sata. Makon farko ya sha ciwon kai saboda barin gwangwanin, kullum ya zo yana mita. Na ce daure, ba a mutuwa. Likita ya rubuta masa maganin ƙarin jini. Babarsa kuwa kamar jira take: yau wake, gobe dambu da zogale, jibi fate. A mako na uku ya ce mini wai yanzu in ya karanta shafi ɗaya yana zama a kansa, ba sai ya maimaita sau biyar ba.

Ranar sake rubutawa sai da na ga ya cinye abin da ke cikin kular kafin na bar shi ya tafi. Takardar awa uku ce. Na fito da kujera baranda na zauna ina kallon hanyar da ake biyowa da ɗaliban da suka faɗi. Duk wanda ya ɓullo sai gabana ya faɗi. Awa ɗaya ta wuce, ta biyu ta wuce, ba a kawo kowa ba. Can sai ga shi tafe da ƙafafunsa, yatsunsa duk tawada.

Ya ce, "Mama, har ƙarin takarda na karɓa."

Na ce ya wuce ya ba ni wuri. Ina shiga ciki na ja labule na yi kukana.

Takarda ta biyu ma haka ya yi ta. Sakamakon kuwa Malam Danjuma da kansa ya tako ya kawo mini labari: ya ci duka biyun, makinsa ya haura, an cire shi daga gargaɗi. A zangon da ya biyo baya sashensu ya buɗe awa guda a tsakiyar jadawali, kuma Malam Danjuma ne ya tsaya a kai. Kular ma ta fito daga baƙar leda. Wata rana na leƙa na ga Nazifi a kan bencin can na gindin bishiya ya buɗe ta a fili, waɗanda suka kira shi ɗan firamare sun zagaye shi kowa da cokali. Ba a jima ba biyu daga cikinsu suka fara zuwa da tasu.

Da ya kammala, su uku suka zo, shi da iyayensa. Malam Isiyaku ya ɗinka wa kansa sabuwar babbar riga. Maman Nazifi ta miƙo mini kular cike da dambu, da na ce zan juye in ba ta, ta ce a'a, ta gama aikinta a gidansu, in riƙe ko wani zai buƙata. Tun daga lokacin na ara wa ɗalibai da dama, kowa ya yi zango da ita ya dawo mini da ita a wanke.

Abin da na koya a aikin nan ke nan. Rubutun da muke yi a tsaye cikin minti ɗaya, wani rayuwarsa ce ke rataye a kai. Yaran nan kuma ba duka ne malalata ba, da yawa yunwa ce ke ɗawainiya da su alhali bakinsu bai huta da tauna ba. Shi ya sa nake takura muku da tambayoyin nan uku kafin ku taɓa biro: me ka ci yau, me ka ci jiya, me ka ci shekaranjiya. Kuma in kun yi kuskure, ku faɗa tun yana da amfani ga wanda kuka yi wa.

Ɗazu da zan shigo na ga wata 'yar aji ɗaya a kan layi, hannunta na rawa, kan gwangwani ya leƙo daga jakarta. Ke da kika so ba mai shara, tashi ki sauko mini da kular ki wanke ta, sannan ki ce yarinyar ta shigo.